Gide Mai Dama Biyu

A Mairuwa ta ƙasar Faskari, shekarun da auduga ke tashe har motocin kamfani na zuwa kwasarta su yi Funtuwa, an yi wani manomi ana ce masa Gide. Danga ɗaya ce tsakanin gidansa da namu, saboda haka abin da zan faɗa ba a bakin wani na ji ba. Ƙarfi dai Allah Ya ba shi, wannan ko maƙiyinsa ba ya musu. Illarsa biyu ce. Ta farko baki: in Gide ya kashe kunama a gona, kafin ya iso ƙofar masallaci ta zama kububuwa. Ta biyu kuwa, hannunsa na dama ya fi na hagu ƙarfi nesa ba kusa ba, don haka in yana huɗa da garma, kunyar da yake tayarwa ba ta tafiya sak. Sai ta riƙa zamewa gefe kaɗan-kaɗan har ta ƙare a lanƙwashe kamar lauje.

Matarsa Barakatu 'yar Baba Harisu ce, tsohon da ke da fadamar bakin rafi, wadda ke ba da rake da albasa da masara ko da damina ta yi gardama. Baba Harisu ba shi da ɗa namiji. 'Ya'yansa biyu ne, Barakatu da ƙanwarta Saudatu, wadda ke auren Almu, wani siririn mutum da za ku yini tare ba ka ji bakinsa ba in ba sallama ba. Da tsufa ya kama tsohon, sai ya ce ranar gayyar huɗar bana zai danƙa fadamar a hannun ɗaya daga cikin surukan nan biyu, ya noma ya ci, shi kuma a riƙa aiko masa da na tuwo. Kowa a Mairuwa ya san wanda ya samu fadamar nan ya yi sallama da yunwa. Barakatu kuwa a bakin fadamar ta yi wayo, kuma ba abin da take so a duniya kamarta.

Wata rana bayan la'asar dattawa na zaune gindin durumi, wani ya tambayi Baba Harisu wa zai ba. Tsohon ya tauna goronsa ya ce, "Gide ƙarhi gare shi, ba a magana. Abu guda ya rage mashi, kunya. In ya gyara kunyarshi, hwadama tashi ce."

Duk mai kunne a wurin ya san wace kunya ake nufi, don ko a makon nan Gide ya tsaya ƙiƙam a gaban surukinsa, ko rusunawa babu, yana ba shi labarin yadda ya kayar da bijimi da hannu ɗaya. Amma da maganar ta isa kunnen Gide sai ya bugi cinya, ya ce ai daman ya sani, kunyar gona tsohon ke nufi. Ya shiga gida yana huci, ina jin su ta danga.

Barakatu ta ce, "Malam, ba kunyar garma Baba ke nuhi ba, ta ido ce. Ka rage baki, in ka gan shi ka durƙusa. Shi ke nan hwa."

"Ke mi kika sani a harkar noma? Mutum ya shekara sittin shina huɗa, in ya ce kunya ai ba ta amare yake nuhi ba."

"To ko ta gonar ce, ka sa ido ga itace guda a ƙarshen gona ka nuhe shi. Haka kowa ke yi."

"Kowa," in ji Gide. "Ni na yi maki kama da kowa?"

Washegari ya tafi wurin Mamuda, tsohon sojan da ya yi yaƙin Bama ya dawo yana ɗinkin takalma a bakin kasuwa. Ya tambaye shi yadda ake yi a soja in gefe ɗaya na jikin mutum ya fi ɗaya. Mamuda ya ce, "Sai a ƙara ma raggon gehen aiki." Ya tsaya ya zura zare a allura, sannan ya ci gaba, "Amma kaɗan-kaɗan, kuma mai ƙarhin ma ba a barinshi ya kwanta." Sai dai kafin zaren ya shiga allura Gide ya yi nisa, don shi bai saba jiran ƙarshen maganar kowa ba.

Kwana arba'in suka rage a yi gayya. Gide ya samo igiyar rama, ya naɗe hannunsa na dama ya ɗaure shi tamau a jikin cikinsa, ya mayar da taguwa a kai. Ya fito ƙofar gida hannun riga ɗaya na lilo, ya sanar da duk wanda ya tsaya cewa dama ta tafi hutu, daga yau hagu ce za ta yi komai har ta kamo 'yar'uwarta. Ranar gayya kuwa Mairuwa za ta ga abin da ko kakanninta ba su gani ba, mutum mai dama biyu. Lokacin alwala da salla kaɗai yake kwance hannun, yana sallamewa ya mayar da shi ɗauri.

Ranar farko mutane suka yi ta zuwa jaje, don labari ya zaga gari cewa hannun Gide ya guntule. Wata tsohuwa, Dada, har da kawo garin magani a ƙunshin ganye. Da ta ji gaskiyar magana sai ta ɗaure abinta a bakin zane ta ce, "Ashe ba na hannu ya kamata in kawo ba."

Motsa jikin farko da ɗan dutsen niƙan Barakatu aka yi shi. Gide ya ce zai ɗaga shi sama sau ɗari kowace safiya. A na goma sha uku dutsen ya kuɓuce, ya bi ta bayan kansa, ya sauka cikin randa. Ruwa ya malale tsakar gida, kaji suka watse. Barakatu ta fito daga madafa ta tsaya tana kallon randar da ta zo da ita tun ranar aurenta.

Gide ya ce, "Kin ga alama ko? Kwana guda tak, har ta hwara hwasa abu."

A rana ta uku ya same ni a bakin rijiya ina ɗiban ruwa, ya ce in ba shi gugana ya nuna mini yadda ake jan ruwa da hagu zalla. Na ce masa ai jan guga hannu biyu yake so, ɗaya ya ja ɗaya ya tare. Ya ce wannan na raggaye ne, shi da haƙori zai tare. Ya ja, ya ciji igiya, ya sake ja, ya sake ciza. Guga ya kusa fitowa sai wani mai wucewa ya yi masa sannu da aiki, Gide kuwa ba a taɓa yi masa magana ya bar ta ta faɗi ƙasa ba. Ya buɗe baki ya amsa. Sabon guga ne, na fatar akuyar da na yanka da Layya, kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Gonarsa ma ba ta tsira ba. Lokacin noman farko ne, ciyawa ta taso, Gide ya shiga da fartanya a hagu. Inda ya nufi ciyawa sai ya sare dawa, inda ya nufi ƙasa sai ya sami babban yatsansa. Bayan mako guda duk wanda ya bi ta gefen gonar sai ya tsaya ya yaba yadda aka cire dawa tsaf aka bar ciyawar harkiya tana shan iska. Gide ya ce da gangan ya yi, dawar ce ta yi yawa.

Duk wannan ɓarnar gida ce, da a nan ta tsaya da da sauƙi. Matsalar ita ce hagu ba ta shiga mutane. Kowa ya san aikin da aka ware wa hannun hagu in an zaga bayan gida, shi ya sa ba a ci da shi, ba a gaisawa da shi, ba a miƙa wa mutum ko da tsinke da shi. Gide ya san wannan sarai, amma ya ce doka ce ta masu dama ɗaya.

Aka yi suna a unguwarmu, aka fito da akushin tuwon dawa da miyar kuka, mu shida muka kewaye ɗaya. Mun yi bisimilla ke nan sai ga hagun Gide ta nutse cikin miya har wuyan hannu. Hannuwa biyar suka tsaya a sama. Ɗaya ya ce ya tuna yana azumin nafila, ɗaya ya ce cikinsa ya murɗa, ni kuwa ban nemi hujja ba, tashi kawai na yi. Gide ya cinye akushin nan shi kaɗai, ya side, ya bi gari yana cewa ƙarti biyar sun ga hagunsa sun gudu. Daga ranar in aka hango shi ya nufo wurin cin abinci sai a kife faifai a kan tuwo a shiga hirar damina.

Barakatu ta yi magana har ta gaji. Da ta ga saura kwana goma, sai ta sayi goro fari manya guda ashirin da kuɗin kaɗin da ta tara, ta naɗe a ganye ta ba shi. Ta ce, "Don Allah Malam, ka kai ma Baba. Ka kwance hannun nan ko na rabin sa'a ne, ka durƙusa, ka miƙa da hannu biyu, ka yi shiru. Wanga kaɗai nike roƙo."

Ya ce ya ji. Ya ma durƙusa, a nan kam ba zan zalunce shi ba. Baba Harisu na zaune a zaure kan buzu, da dattawa uku, ni kuma na raka shi don in ga ƙwal uwar daka. Bayan gaisuwa sai Gide ya zaro ƙunshin goro ya miƙa wa surukinsa da hagu, tsirara, ko tallafa mata da hannun riga bai yi ba. Tsohon ya dubi goron, ya dubi hannun, bai karɓa ba.

"Gide, ina damarka?"

"Tana hutu, Baba."

"Ciwo ta yi?"

"Lahiyarta lau. Maganarka ce nike aiki da ita. Ka ce in gyara kunyata."

"Shi ne kake gyara ta da hagu?"

"Da hagu, Baba. Ka ba ni kwana goma. Wallahi ran gayya, daga nan har Ƙanƙara, ka haɗa da Sabuwa, ba za a samu wanda ya hi ni kunya ba. Ni ne sarkin kunya. Almu ko rabin tawa bai da."

Ɗaya daga cikin dattawan ya ƙware da goro, sai da aka bubbuga masa baya. Baba Harisu ya nuna tabarma da haɓa ya ce, "Aje nan. Allah Shi kai mu." Da muka fito Gide ya dafa ni da hannun nan nasa ya ce in lura, tsohon ya kasa ko haɗa ido da shi don kwarjini.

Ranar gayya ta zo. Tun hantsi gonar Baba Harisu ta dawa ta cika, samari wajen talatin kowa da garmarsa, makaɗan noma na ta gwada ganga. A gefen gona ta hannun hagu akwai wata babbar ɗorawa, a nan aka shimfiɗa wa tsohon tabarma, ya zauna cikin farar rigarsa ta Salla. Mata suka jera ƙoren fura a gabansa, Barakatu na cikinsu, tana ta murza bakin mayafi.

Gide bai iso ba sai da kowa ya kama layi. Ya tsaya tsakiyar fili, ya tuɓe taguwa, ya sa makaɗi ya yi masa kirarin da shi da kansa ya koya masa: Gide mai dama biyu, ƙasa ta gan ka ta yi laushi. Sannan ya kama bakin igiya da haƙori ya warware a hankali don kowa ya gani.

Abin da ya fito bai yi kama da hannun da muka sani ba. Ya rame, ya yi fari-fari kamar ɓararren rogo, gwiwar ta ƙi miƙewa sosai. Hagu kuwa ta yi jijiya ta murɗe. Mamuda tsohon soja, da ya zo kallo, ya ce, "Kai Gide, ba haka na ce maka ba." Gide ya ce barci take yi, da ta ji ganga za ta farka.

Aka buga ganga, garemani suka sauka. Ni ne a hagunsa, Almu can a ƙarshen layi. Gide ya sunkuyar da kai ya shiga huɗa, kuma dole in faɗi gaskiya, gudu kam ya yi. Sai dai dama riƙon ƙota kawai take yi, shi ma da ƙyar, hagu ce ke ja. Taku goma ba a yi ba kunyarsa ta fara kwana. Da can gefe guda take zamewa a hankali, yau ɗaya gefen ta nufa, kuma ba da wasa ba.

Na ce, "Gide, ka shigo layina."

Ya ce, "Kauce, hagu ba ta san birki ba."

Ya ratsa kunyata, ya ratsa ta na kusa da ni, ya ratsa ta uku. Dawa na faɗuwa, samari na tsalle suna janye ƙafafu. Jama'a suka ɗauki ihu suna kiran sunansa ya ɗaga kai, shi kuwa ya ɗauka yabo ne, ya ƙara wuta. Makaɗin ma, ɗan banza, da ya ga abin dariya ya samu sai ya bi shi a baya yana ƙara zuga shi. Haka kunyar nan ta yanko gona a karkace ta nufi gindin ɗorawa. Mata suka watse. Baba Harisu, da yake tsufa ya hana shi zabura, yana zaune yana kallon surukinsa na tahowa.

Saura taku biyu ya isa tabarma, Gide ya ɗaga garma ya kai sara da iyakar ƙarfinsa. Bakin garma ya sami saiwar ɗorawa. Muka ji ƙas, hagu ta saki. Garma ta yi tsalle ta daki gindin babbar ƙwaryar fura, shi kuma ya tafi da ka zai faɗi, ya miƙa dama ya tare, ita kuwa kwana arba'in ko ludayi ba ta ɗaga ba. Muka sake jin ƙas. Ƙwaryar ta tashi ta juye a kan Baba Harisu, tun daga hula har cinya.

Ganga ta tsaya. Ba ka jin komai sai ɗigar fura daga gemun tsohon. Gide na kwance rub da ciki, hannuwa biyu a shimfiɗe, ya ɗago kai da ƙasa a baki ya ce, "Baba, ka ga ƙarhin hagu ko? Saiwa ce hwa ta tsaida ni."

Baba Harisu ya share ido da bakin riga ya ce, "Na gani. Na ma sha."

Sannan ya waiga. Almu ya gama kunyarsa tun ɗazu, ga ta nan miƙe ba wani abin a zo a gani, ya dawo ya cire rawaninsa ya miƙa wa tsohon da hannu biyu ya goge fuska, ya koma gefe ya tsuguna. Baba Harisu ya ce, "Almu, gobe ka tahi hwadama ka duba shingen gabas, awaki na shiga." Iyakar abin da ya faɗa ke nan, kuma kowa ya gane. Barakatu ta ja mayafi ta rufe fuska ta yi gida tana kuka, ni kaina sai da na ji tausayinta ya kama ni.

A kan ƙyauren kara muka ɗauko Gide muka kai shi wurin mai ɗori. Mai ɗorin ya lalluba hagu, Gide ya yi ƙara, ya lalluba dama, Gide ya yi irinta. Ya jera hannuwan biyu a kan cinyarsa ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Ikon Allah. Wuri guda, karaya iri guda. Shekarata talatin ina ɗori ban taɓa ganin hannuwan da sunka daidaita haka ba."

Gide, gumi na keto masa, ya juyo ya dube mu ya ce, "Kun dai ji da kunnenku."

Aka ɗaure su da kara da tsumma, aka ce kada ya taɓa komai sai bayan kwana arba'in. Barakatu ce ke ba shi abinci a baki, ita ke kore masa ƙuda, ita ke ɗaura masa wando. Ba ta yi masa gori ba ko sau ɗaya, magana ce dai ta daina yi, kuma shirun nan ya fi damunsa fiye da karayar.

Ana nan masarar fadama ta nuna. Wata safiya Almu ya yi sallama, ya shigo da ɗanyar masara guda bakwai a cikin kwando, ya durƙusa ya miƙa wa Gide ya ce ga ɗan taɓawa. Gide ya dubi kwandon, ya dubi karan da ke ɗaure a hannuwansa. Barakatu ce ta zo ta karɓa. Ita da ta tashi tana karyar masarar fadamar nan ba ta tambayi kowa ba, yau ga ta tana godiya har da Allah Ya ƙara arziki a kan guda bakwai.

Da Almu ya tafi ta hura gawayi ta gasa biyu. Ƙamshi ya cika gida har ya tsallako danga. Gide ya gyara zama ya ce, "Ai ni daman hwadamar nan sauro gare ta. Kuma in an kwance ni, kin san duka biyun daidai za su tashi, ba mai hin wani."

Barakatu ta juya masarar a kan gawayi. Ta ɗauko ɗaya ta kaɗe toka, ta zo ta zauna a gabansa. Gide ya buɗe baki yana jira. Ta miƙo masarar, ta tsayar da ita taƙi guda daga bakinsa, ta ce, "Bisimilla Malam. Sa wadda ka ga dama ka amsa."